Yadda Na Ɗinka wa Shaho Hula a Riyad

Tun ranar da na sauka ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, har wanda rabona da shi tun sunan ɗana na fari ya zo yana cewa, "Ɗanlami, wai da gaske ne tsuntsu ka je yi wa ɗinki a Makka?" To ba Makka ba ce, Riyad ce, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisan gaske. Bakina ya yi tsami da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, takarda zan miƙa masa.

Mu dukawa ne tun kaka da kakanni. Rumfarmu tana cikin kasuwar birni, mu huɗu ne a ciki: Baba, da ni, da ƙannena biyu. Amma tun da takalmin roba da jakar leda suka cika gari, sai mu wuni ƙuda kaɗai ke mana sallama. Maƙwabcinmu Alhaji Mai Roba kuwa kullum yana leƙowa yana auna bangonmu da ido, so yake ya fasa ya haɗe da shagonsa. Ana cikin haka, bayan canjin kuɗin nan da 'yan watanni, ƙungiyar 'yan kasuwar jiharmu ta ce za a yi baje kolin ƙasa da ƙasa a Riyad, tana neman masu sana'ar hannu. Sunana ya fito. Da na gaya wa Baba, bai ko ɗago daga fatar da yake gogewa ba, ya ce, "Je ka. In ka dawo da mai sayen kayanmu, rumfa ta zauna. In labari kawai ka kawo, Alhaji zan miƙa wa mukulli, kowa ya kama gabansa." Baba ba ya magana biyu, wannan kowa ya sani.

Ban taɓa shiga jirgin sama ba sai ranar. Ba zan ɓoye muku ba, da ya ɗaga, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga banɗaki. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta ce, "Kai ɗan nan, sakar mini hannu, ba ni ce matuƙiyar ba."

A Jidda aka fara. Kayan sayarwa sun riga ni tafiya a jirgin kaya, abin da ke cikin akwatina tufafi ne da jakar aiki, wadda na ɗauko don ko wani abu ya farke a hanya: basilla, wuƙar yanka, zare, guntayen fata, da ƙullin garin karan dafi da muke rina fata ja da shi. Ɗan kwastan ya kwance ƙullin nan, ya dube shi, ya dube ni, ya yi wata tambaya da Larabci. Ni kuwa Larabcina na salla ne, kalma ɗaya ta zo mini, na ce, "Ahmar." Wato ja. Kamar shi makaho ne. Ya jiƙa yatsa ya dangwala, da yake na riga na haɗa garin da kanwa, yatsan ya yi jajir. Ya goga a hankici, hankicin ma ya kama. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, ni kuma na ce shi ke nan, daga nan sai gida. Allah ya ba ni dabara na zaro guntun farar fata na shafa mata a gabansa. Ya juya ta, ya sunsuna, ya ce, "Yalla, yalla," yana korata da jan yatsansa.

Daga nan wani jirgin zuwa Riyad. Filin jirginsu sabo ne fil, an kai shi can bayan gari, ka yi ta tafiya a mota babu gida babu bishiya. Yaya Hamisu ne ya zo ɗaukata, ɗan gwaggona, shekararsa shida yana tuƙa wa wani Balarabe mota. Kafin ya tambayi lafiyar Baba sai da ya tambayi fasfona. Ya ce, "Nan ba Kano ba ce. Ko burodi za ka saya, takardarka na aljihu. Mu iƙama, kai fasfo." Iƙama ita ce takardar zama, kuma na lura duk hirar mutanenmu a can, ko daga ina ta faro, a kanta take ƙarewa, ita da kafil, wato ubangidan da ya tsaya maka.

A unguwar Ulaisha ya sauke ni, a wani tsohon gida, ɗaki ɗaya mutum biyar: direbobi uku, magini ɗaya, da ni na zama cikon. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, musamman da suka ga kilishi da daddawa. Abincinsu kuwa, da safe wani faffaɗan burodi mai zafi da dafaffen wake da aka dama da mai, da rana shinkafa da kaza a faranti guda kowa ya sa hannu, suna ce mata kabsa. Tana da daɗi, ban ƙi ba, amma babu yaji ko na magani. Kwana uku na fara mafarkin miyar kuka. Gahawarsu ma sai da ta ba ni kunya a gidan kafil ɗin Yaya Hamisu. Ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, kana shanyewa a ƙara maka. A wurinmu ƙin abin da mai gida ya miƙo rashin kunya ne, don haka na yi ta karɓa, har sai da Yaya ya taka mini ƙafa ya raɗa mini, "Girgiza kofin mana, so kake ka ƙarar musu da buta?" Baƙo dai makaho ne ko yana da ido.

Wurin baje kolin wani makeken gini ne, sanyi a ciki kamar randa. Kowace ƙasa da ɓangarenta. 'Yan Koriya sun jera talabijin bango guda, Jamusawa da injinan ban ruwa, 'yan Italiya da jakunkuna masu ƙyalli a cikin gilashi. Mu aka kai mu can ƙurya, kusa da ƙofar da kafintoci ke shiga. Abin da ya fi burge ni, ana kiran salla kowa zai yafa wa kayansa mayafi ya tafi, babu mai ce wa maƙwabci duba mini. Kuma akwai ranakun maza, akwai ranakun iyali. Ranar iyali ta farko na gaida wata mata irin gaisuwarmu, ina tambayar gida da yara da gajiya, mijinta ya yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye sauran.

Kwana goma aka ba baje kolin. Na buɗe kayana: gafaka, zabira, takalma, kube, da tumtum ashirin. Tumtum kuwa kun san ba a tafiya da shi a cike, a ninke ake kai shi, mai saye ya cusa tsumma ko audugar rimi. Na shimfiɗa su haka a fyaɗe, mutane na wucewa suna zaton tabarmar salla ce ta lalace. Wanda ya cece ni wani tsohon kafinta ne, Basudane, ana ce masa Ammu Bashir, shi ke kafa rumfunan yana gyara su. Na ji an ce a bayana, "Kai ɗan Kano, wannan kayan naka yunwa suke ji." Na juya da sauri. Ashe ya tashi ne cikin Hausawan Sudan, Hausarsa tsohuwa ce irin ta kakanni. Ya tafi ya dawo da buhu biyu na guntayen soso, muka cusa, tumtum suka miƙe suka yi kyau.

Duk da haka babu ciniki. A tsaya, a taɓa, a ce mashallah, a wuce wurin talabijin. A rana ta huɗu wani saurayi ya ɗauki gafakar da Baba ya yi sati uku yana yi wa ado, ya juya ta yana neman tambari, ya ce, "Taiwan?" Wallahi ban san lokacin da na fizge ta ba. Na ce masa da Hausa, "Taiwan ɗin gidanku!" Allah ya sa bai ji ba, amma Ammu Bashir ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da azahar ya kira ni bayan rumfa muka sha shayi a kan akwatin kayan aikinsa. Mutumin nan rayuwarsa duk a baje koli ta ƙare. Ya yi aiki a na Khartum, da na Alƙahira, da na Dimashƙ, har wani kamfani ya taɓa tafiya da shi Japan, birnin Osaka, inda ya ce ya ga mutane sun yi layi rabin wuni don su kalli ɗan dutsen da aka ɗebo daga wata. Shi ya ba ni tarihin abin. Ya ce a Landan aka fara irin wannan babban taro, fiye da shekara ɗari, aka gina gida na gilashi zalla, ƙasashe suka kawo abin da suke taƙama da shi. Faransawa suka ji haushi suka yi nasu, kuma doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta Faris da muke gani a kalanda, ƙofar baje koli ce, da niyyar a kwance ta daga baya, sai ta zauna. Ya ce, "Gari ne na 'yan kwanaki. Mu kafa, mu rushe. Amma ban taɓa ganin wanda aka watse bai bar wa wani wani abu ba."

Na ce, "Ammu, mu abin da ya bar mana tari ne." Na ba shi labarin kakana. Zamanin Turawa an taɓa kwasar masu sana'a daga ƙasarmu aka kai su wani baje koli a Landan. Aka gina musu ganuwar ƙarya da rumfuna, aka zaunar da su suna aiki cikin sanyi, Turawa na wucewa ta bayan igiya suna nuna su da yatsa. Kakana na cikinsu. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu, kuma bai taɓa yarda a yi masa zancen tafiyar ba. Tun daga nan a gidanmu ba ma ɗinki a gaban 'yan kallo. Ko a kasuwa, bayan labule muke aiki.

Ammu Bashir ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma shi kai shi aka yi, kai kuwa da fasfonka ka zo, sunanka ne a kan allon can, ni na buga shi da hannuna. Mutanen nan ba su yarda hannu ne ya yi kayanka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗana." Raina ya ɓaci, na ajiye kofin na tashi. Kwana biyu ina gaishe shi sama-sama, kwana biyun nan kuma ko kube ɗaya ban sayar ba. Ina zaune ina ganin Alhaji Mai Roba a idona yana fasa bangonmu, ƙannena suna tura baro a tasha.

Rana ta bakwai da safe na shimfiɗa buzu a gaban rumfa, na zauna a ƙasa, na buɗe jakar aiki. Cikin sanyin nan gumi ya jiƙa mini riga. Ban ɗaga kai ba, ƙafafu kawai nake gani suna taruwa, takalma baƙaƙe da farare, kuma kunya ta kama ni kamar an tuɓe ni a kasuwa. Can sai wasu ƙafafu suka lanƙwashe. Wani dattijo mai furfura a gemu ya tattare farar rigarsa ya zauna dirshan a kan buzuna, gwiwarsa na taɓa tawa. Ya ɗauki jar fatar akuya, ya ja ta, ya murza, ya kai hanci, har ya ɗan cije gefenta. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan abu kamar hular jariri, amma ko lemon tsami ba zai shiga ba.

Na ƙwala wa Ammu Bashir kira, fushi ya ƙare, ya zo ya yi mana tafinta. Sunan dattijon Abu Nasir, yana da shagon kayan masu kiwon shaho. Larabawan nan shaho a wurinsu ya fi doki daraja, da shi suke farauta. Abin da ya nuna mini hula ce da ake rufe wa tsuntsun ido don ya natsu, suna ce mata burga. Ya ce tsohon da ke ɗinka masa ya rasu, waɗanda ake kawowa daga waje kuma zafi na busar da su su tsage. Fata mai laushin tamu bai taɓa gani ba. Zan iya? Na karɓa na duba sama-sama, na ce a raina, wannan ai aikin rabin awa ne. Na ce, "Gaya masa gobe."

Washegari Juma'a, ba a buɗe baje koli sai yamma, Yaya Hamisu ya kai mu gidan Abu Nasir da hantsi, ni da Ammu. Tsuntsaye shida a tsakar gida, kowanne a kan ɗan turkensa. Ya ɗauko wata babba a hannunsa mai safar fata, idonta kamar na mai bin bashin rai. Na miƙa hular da na yi, ja, kyakkyawa, har da ɗan tuntu a ka. Ya zura mata. Kai! Tsuntsuwar nan ta haukace, ta dinga bugun fiffike tana kai wa kanta farce, ta rataya a hannunsa kai ƙasa. Ya cire da sauri, ya sa yatsa cikin hular, fuskarsa ta canza.

Laifina ne, kuma laifin gwaninta ne. Mu dukawa, tun ranar da aka fara ba ka basilla ake koya maka ka ɗinka ta bai-bai sannan ka juya, ɗinki ya ɓuya a ciki, waje ya fito sumul. Wanda ya bar ɗinki a waje, dariya ake masa a layinmu. Na yi yadda na saba ban ko yi tunani ba, ashe tudun ɗinkin nan daidai idon tsuntsuwar ya sauka yana gurzarta. Abu Nasir ya miƙo mini hulata, ya yi magana a hankali. Ammu ya ce, "Ya ce idon shaho shi ne shaho. Ya gode, ka sha gahawa." Na gane sallama ce.

Na ce, "Ammu, roƙe shi ya bar ni in taɓa kanta." Abu Nasir ya rufe ta da tsohuwar hularta, ya kama hannuna ya ɗora. Na bi ƙoƙon kan da yatsa, na ji inda ido ya taso, na ji inda baki ya fara. A mota Yaya Hamisu ya ce, "Ka dai yi ƙoƙari," wanda ya fi zagi ciwo.

Muna isa Ammu Bashir ya ɗauki guntun katakon da ya rage daga rumfar Jamusawa, ina kwatanta masa yana fiƙewa, har ya fitar da kan shaho, ya bar tudu biyu a wurin idanu. Na jiƙa fata na ɗame ta a kai, na bar ta ta sha iska. Da aka buɗe ƙofa da yamma mutane suka taru, ni ko a jikina, ban ma san suna nan ba. Na haɗa bakin fata da bakin fata, na bi da basilla ta cikin kaurinta, zaren bai leƙa ciki ba ko sau ɗaya. Ta farko ta karkace na jefar. Ta biyu na sa harshe na lashi cikinta, don harshe ya fi yatsa jin tudu. Sumul.

Ranar rufewa Abu Nasir bai zo ba. Kafintoci har sun fara cire allunan maƙwabta. Na ce wa Yaya Hamisu, "Tashi mu je." Ya ce a nan ba a zuwa gidan mutum ba gayyata. Na ce, "A Kano ma ba a yi, amma yau za a yi." Muka ɗauki Ammu muka tafi, muka same shi zai fita. Ya ga abin da ke hannuna, ya sa yatsa a ciki, ya daɗe yana juyawa. Ya koma ciki, muka bi shi. Ya ɗauko tsuntsuwar nan dai, ya zura mata. Ta girgiza kai sau ɗaya. Ta gyara tsayuwa, ta kumbura gashinta, sannan ta ɗaga ƙafa ɗaya ta soke a cikin gashin. Ammu ya ce mini a hankali, "Barci za ta yi." Ni dai hawaye ne suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Abin nema ya samu. Abu Nasir ya ce duk wata yana so, girma uku, da safar hannu in za mu iya, kuma yana da 'yan'uwa masu irin shagonsa a wasu garuruwan. Aka rubuta takarda, kafil ɗin Yaya Hamisu ya yi shaida. Ammu ya fiƙe mini sauran kawunan biyu a tsaye, ana rushe rumfata a kansa. Tumtum ashirin kuwa biyu na sayar, sauran na rabar a Ulaisha, yanzu kowane direba yana da wurin kishingiɗa. Na biya na yi umara a hanyar dawowa, na yi wa tsohon kafintan nan addu'a da sunansa.

Da na iso ban tsaya gida ba, kasuwa na wuce da akwatina. Na tarar da Alhaji Mai Roba a rumfarmu da magini, suna ƙwanƙwasa bango, Baba na zaune yana kallonsu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takardar da kawunan katako uku da hula ɗaya da na yi a hanya. Takardar bai ko kalle ta ba, hular ya ɗauka. Ya juya ta, ya ce, "Wane sakaran ne ya bar ɗinki a waje?"

Na ce, "Ni ne, Baba." Na ba shi labari tun daga fari, har zamana a kan buzu a gaban jama'a, ban rage komai ba. Ya sake juya hular a hannunsa. Sannan ya ce, "Je ka layin 'yan kaji ka aro mini zakara." Na je da kaina, da rigar tafiyata, na kawo wani ja mai faɗan tsiya. Baba ya matse shi a hammata ya zura masa hular, duk da tukkunsa ya hana ta zama daidai. Zakaran nan ya yi tsit. Ƙannena suka tuntsire da dariya, Baba bai yi ba. Ya cire ta, ya sa yatsa a ciki, ya lumshe ido yana shafawa.

Alhaji Mai Roba ya yi gyaran murya ya ce, "To Malam, maganar mukullin fa?"

Baba ya jawo ƙaramin kan katakon gabansa, ya miƙo mini hannu in ba shi wuƙa. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, muna da aiki. Ɗan matsa, ka tare mana haske."